Riruwai da tuddan kudancin Kano: abin da ya kamata ku sani

Idan aka ambaci Jihar Kano, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi, gonakin gero da gyaɗa, da rairayi in an doshi Ɗambatta. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. A can ƙarshen kudu, inda Kano ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi, ƙasa tana tashi sama, duwatsu suna tsaye jere, ruwan sama yana da yawa, kuma a watan Agusta masara kan shanye mutum in ya shiga gona. Garin Riruwai yana cikin waɗannan duwatsu.

Waɗanda suka san sunan garin, galibi saboda kuza suka san shi. A ganina wannan ya tauye wa yankin daraja. Babban arzikinsa shi ne ruwan sama da ƙasar noma da daji, kuma waɗannan ukun suna taɓa tukunyarku da famfonku ko da ba ku taɓa taka ƙafa a can ba.

A ina Riruwai take?

Riruwai ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, wadda ta fi duk ƙananan hukumomi 44 na Kano nisa zuwa kudu. Kada sunan ya rikita ku: akwai garin Doguwa daban, shi ya ba ƙaramar hukumar suna, amma hedikwata tana Riruwai. Faɗin ƙasar Doguwa murabba'in kilomita 1,473 ne, kuma ƙidayar 2006 ta samu mutum 151,181 a cikinta. Daga cikin garuruwanta akwai Dadin Kowa, Burji, Falgore, Maraku, Tagwaye da Zainabi.

In kun taso daga birnin Kano, titin Zariya za ku bi, ku wuce Kura da Ciromawa har Kwanar Dangora a ƙasar Kiru. Nan za ku karya hagu ku kama hanyar Jos. Za ku ratsa Tudun Wadar Dankadai, ku shiga dajin Falgore, ku fita ta ɓangaren Doguwa, sannan ku ratse daga babban titi ku nufi duwatsu. In da miƙewa za a yi, Riruwai ta fi kusa da Jos a kan birnin Kano, kuma Saminaka ta Jihar Kaduna maƙwabciyarta ce ta kusa.

Ƙananan hukumomi huɗu ne suka jeru a kan ɓangaren kudu na wannan hanya, kuma ƙasa tana ƙara tudu daga ɗaya zuwa ɗaya. Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take, da Kiru suna ƙasa-ƙasa. Tudun Wada tana tsakiya. Doguwa ce a sama.

Me ya sa wurin ya bambanta da sauran Kano?

Abu biyu ne: dutse da ruwan sama.

Masu nazarin duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa a wannan wuri. Wani ya fito sarari a matsayin aman wuta, wani ya tsaya a ƙarƙashi ya huce a hankali ya zama ƙaƙƙarfan dutse. Ruwa da iska suka yi ta cin saman tsawon zamani, har abin da ya rage shi ne gindin, wato duwatsun da suka yi da'ira suka kewaye Riruwai. Ba su kaɗai ba ne. Irinsu sun jeru tun daga duwatsun Azbin a ƙasar Agadas, suka bi ta Damagaram, suka shigo Najeriya, suka ratsa Ningi da Jos har kusa da kogin Binuwai. Lokacin da dutsen ke hucewa ne ma'adinai irin su kuza suka taru a cikin tsagoginsa.

Ƙololuwar duwatsun Riruwai ta haura mita 1,000 daga matakin teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Duk hawan mita 1,000 kuwa yakan rage zafi da kamar digiri 6, shi ya sa dare a can ya fi sanyi, kuma hunturu ya fi cizo.

Ruwan saman ƙasar Hausa kuma, iskar da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma ce ke kawo shi. Tana fara isa kudancin jihar kafin arewaci, kuma can take ƙarewa in za ta janye. In ta ci karo da dutse dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Saboda haka a shekara mai kyau yankin yakan samu sama da milimita 1,000. Abin da wannan ke nufi shi ne, da ruwan shekara zai tsaya inda ya sauka, bai gudu ba bai nutse ba, da zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum. Damina takan kankama tun watan Mayu ta kai Oktoba, alhali a arewacin jihar sai Yuni ake samun ruwan shuka mai ƙwari, kuma kafin ƙarshen Satumba ya fara ɗaukewa. Wannan ƙarin makonni shi ne sirrin noman yankin.

Su wa ke zaune a can?

Hausawa manoma da Fulani makiyaya su ne mafi yawa. Akwai kuma Kurama, waɗanda ke kiran kansu Akurmi, da ke zaune a wannan yanki da ƙasar Lere tun da daɗewa, suna da harshensu. Akwai Musulmi akwai Kirista. A ƙarni na 19 kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa, kuma duwatsu sun zama mafaka ga jama'a. Daga baya haƙar kuza ta jawo baƙi daga wurare da yawa, neman gona mai dausayi ya jawo wasu, da dama suka zauna suka zama 'yan gari.

Me ake nomawa, kuma ta yaya masara ta mamaye gonaki?

Ana noma dawa, wake, waken suya, gyaɗa, barkono, dankali da rogo. A fadamu ana yin shinkafa da rake, kuma Tudun Wada ta yi suna wajen cinikin shinkafa. Da rani masu lambu a bakin rafi suna yin tumatir da albasa. Amma abin da ya fi fitar da sunan Doguwa da Tudun Wada a kasuwannin hatsi shi ne masara.

Wataƙila kuna zaton haka abin yake tun kaka da kakanni. A'a. Kafin shekarun 1970 masara a ƙasar Hausa abar bayan gida ce, a shuka 'yar kaɗan inda ake zubar da shara da toka, a gasa a ci da ɗanyenta. Dawa da gero su ne abincin rumbu. Abin da ya sauya lamarin shi ne shirye-shiryen bunƙasa noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya. Sun kawo ingantaccen irin farar masara da cibiyar binciken noma ta Ibadan ta fitar, da takin zamani mai rahusa, da hanyoyin karkara, da malaman gona. A farkon shekarun 1980 Kano ta kafa tata hukumar, KNARDA. Manoman kudu suka ga cewa a ƙasarsu mai ruwa, in an ba masara taki, tana ba da abin da dawa ba za ta ba da ba. Cikin shekaru kaɗan tuwon masara ya shiga gidaje, kamfanonin abincin kaji suka zama manyan masu saye, motoci suka riƙa lodi zuwa kasuwannin Dawanau da Saminaka, daga Dawanau kuma wata ta haura Nijar.

Ga yadda shekarar manomin masara take. A watan Afrilu ake sharar gona da kai takin gida. In ruwa ya zauna a Mayu ko farkon Yuni, a yi huɗa da garmar shanu ko tarakta, a shuka. Cikin mako biyu a sa taki na farko, a yi noman firi ko a yi feshin maganin ciyawa. Wajen mako na biyar ko na shida a sa taki na biyu, a yi maimai. A Agusta masara ta yi goyo. Daga Oktoba zuwa Nuwamba a karye ta, a shanya, a kai wa inji ya raba ƙwaya da totuwa, a ɗura a buhu.

Nawa noman hekta ɗaya ke ci?

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka lissafi da buhu ya fi lissafi da naira amfani. Hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kamar eka biyu da rabi.

Shawarar da masana noma ke bayarwa ga masara a irin wannan ƙasa ita ce iri kilo 20, da kamfa buhu 8, da yuriya kusan buhu 3, kowane buhu mai kilo 50. Kamfa shi ne takin da za ku ga an rubuta NPK da lambobi uku a jikin buhunsa, misali 15-15-15. Lambobin suna nuna kason sinadarai uku a cikin ɗari: na farko mai sa ganye ya yi kore shar, na biyu mai ƙarfafa saiwa, na uku mai taimaka wa kara da ƙwaya. Yuriya kuwa farin taki ne mai sinadarin farko zalla, shi ake sawa a karo na biyu. A kan wannan sai ku ɗora kuɗin huɗa, maganin feshi, 'yan ƙwadago, inji, buhunan zuba, da dakon amfani daga gona. In gonar haya ce, da kuɗin haya.

Me ake samu? Matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a Najeriya bai wuce kamar tan 2 ba, wato buhu 20 mai kilo 100. Wanda ya samu iri mai kyau, ya sa taki cikakke a kan lokaci, kuma damina ta yi daidai, yana iya ninka wannan har ya haura. To ku lura da inda gizo ke saƙa. In kuɗin buhun taki ya yi daidai da na buhun masara, buhu 11 na amfanin gona sun tafi a taki kaɗai. Mai ƙarfi zai sa ya ci riba. Ƙaramin manomi da ya iya sayen buhu uku kacal, masararsa za ta yi rawaya, goyon ya fito ƙanana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna wannan ƙarara. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin taki da na sufuri suka yi sama, hatsi ma ya yi tsadar da ba a saba gani ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage haraji na wani lokaci a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake. A 2025 farashin hatsi ya sauko sosai, taki kuwa bai sauko tare da shi ba. Mutanen birni sun samu sa'ida, kuma sun cancanci hakan. Amma manomin da ya ga buhun masararsa ba ya sayen buhun taki yakan rage gona a damina mai zuwa, ko ya koma dawa da waken suya da ba su cin taki da yawa. Ƙarancin da zai biyo baya, ku masu saye za ku biya shi.

Akwai kuma tsohuwar matsalar kaka. Manomi ya ci bashi da damina, ga kuɗin makaranta, ga hidimar aure, dole ya sayar lokacin da kasuwa ta cika da hatsi kuma farashi ya faɗi. Mai jari ya saya ya ajiye. In bazara ta zo, wani lokaci manomin nan ne zai koma kasuwa yana awon tiya da tsada.

Me ke lalata amfanin gona?

Na farko shi ne wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ciyawa ce mai fure ja-ja mai ban sha'awa, amma tun kafin ta fito sarari ta riga ta manne wa saiwar masara ko dawa tana tsotse ruwa da abinci. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Maganinta ba ɗaya ba ne: a tuge ta kafin ta yi fure, a ƙara takin gida, a riƙa juya shuka da waken suya wanda ke sa 'ya'yanta su tsiro su rasa abin kamawa su mutu, a kuma nemi irin masara mai jure mata. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin waɗannan a cikin jerin da ake kira SAMMAZ.

Na biyu tsutsa ce baƙuwa da ta ɓulla a Najeriya a 2016, asalinta daga nahiyar Amurka. In kuka leƙa cikin kan masara, inda sabon ganye ke naɗe, kuka ga ganyen ya huhhuje kuma akwai ɗanyen kashi burbuɗi-burbuɗi, tana ciki. Feshi yana aiki ne in an yi shi tun tana ƙarama, da sassafe ko da yamma, kuma a saita bakin famfon cikin kan masarar.

Na uku yana zuwa bayan girbi, kuma shi ya fi shafar mai ci. In aka shanya masara a ƙasa tsirara ko aka ɗura ta da laima, takan yi fumfuna, wadda ke haifar da wata guba da ba ta da ɗanɗano, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Tana cutar da hanta, tana hana yara girma yadda ya kamata. A shanya a kan tamfal ko fa, a tabbatar ta bushe ƙayau. Don gudun ƙwari kuma, buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga ya fi zuba maganin ƙwari a cikin abin da mutane za su ci.

To, ina labarin kuza?

Kuza baƙin yashi ne mai nauyi wanda in an narka shi ake samun farin ƙarfe mai laushi. Da shi ake shafe cikin gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa, da shi ake liƙa wayoyin da ke cikin wayar hannu da kwamfuta. Ruwa yakan wanko shi daga dutse ya tara shi a ƙoramu. Mai wanki zai ɗebi ƙasa a kwano, ya tsuguna a bakin ruwa yana juyawa yana karkatarwa, laka da farin yashi su bi ruwa, abin da ya kwanta baƙi a gindin kwanon shi ne abin nema. Wuni guda a tsugune, wani lokaci abin da za a samu bai cika gwangwanin madara ba.

Sana'ar ta girmi zuwan Turawa. Garuruwa biyu ne suka yi suna wajen narka kuza: Riruwan Kano, wato wannan, da Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi. Suna narka ta da gawayi, su zuba ta cikin siraran gurabu ta fito tsinke-tsinke, fatake su kai kasuwanni, maƙeran fari su yi aiki da ita. Waɗannan tsinkaye ne Turawan kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka bi sawu a farkon ƙarni na 20 har suka kai ga kuzar Jos da kewaye. Da kamfanoni suka karɓi izinin haƙa daga gwamnatin mulkin mallaka, narkawar gargajiya ta mutu, jikokin masu ita suka zama lebura.

Abin da ya bambanta Riruwai da yawancin wuraren Jos shi ne, ban da kuzar ƙorama, tana da jijiyar ma'adini a cikin dutse, mai tsawon kamar kilomita 5 daga gabas zuwa yamma. A cikinta akwai kuza da tutiya, wato ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi. A yankin kuma akwai kolombait, wanda ake cire wani sinadari daga cikinsa don ƙara wa ƙarfe ƙwari. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A shekarun 1970 aka haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa don cin wannan jijiya, da hannun hukumar haƙar ma'adinai ta tarayya. Aikin bai yi tsawon rai ba. Ya tsaya a shekarun 1980, kuma rushewar farashin kuza a kasuwar Landan a watan Oktoban 1985 ta rufe ƙofar farfaɗo da shi na tsawon lokaci. Abin da ya ci gaba shi ne haƙar hannu: matasa da diga da shebur, da ramukan da ake kira loto, musamman da rani in aikin gona ya ƙare.

In an samu ma'adini a gonarku, na wa ne?

Wannan tambaya tana da muhimmanci yanzu da hankalin kamfanoni ya sake komawa kan ma'adinai. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ba na mai gona ba, ba na jiha ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ce ke tafiyar da harkar, kuma wani ofishi na tarayya mai hedikwata a Abuja ne ke ba da lasisi.

Amma wannan ba ya nufin ba ku da haƙƙi. Mai neman lasisi yana buƙatar takardar amincewar mai ƙasa ko mai amfani da ita. Dole ya biya diyyar amfanin gona da bishiyoyi da gine-ginen da ya ɓata. Kafin ya fara haƙa, doka ta wajabta masa ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin a kan abin da zai yi musu, kamar ruwa, makaranta, asibiti ko ɗaukar 'ya'yansu aiki. Kuma wajibi ne ya gyara wurin in ya gama. Saboda haka kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba a gaban shaidu, kuma ku riƙe kwafinku.

Dalilin wannan taka-tsantsan a bayyane yake. Wanda ya je Jos da Bukur ya ga ɗaruruwan kududdufan da kamfanoni suka bari, ƙasar da ta fi ƙarfin garma har yau. A Zamfara kuma, a 2010, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Dutsen Riruwai ba irin na Zamfara ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce: kada a daka ko a shanya ƙasar ma'adini a tsakar gida, kada a wanke ta a inda ake ɗiban ruwan sha, kada yara su shiga rami. Kuza tana ƙarewa, kuma farashinta a hannun wasu yake. Gonar da aka kula da ita kuwa, jikoki ma za su ci.

Me ya haɗa mazaunin birni da dajin Falgore?

Ruwa ne ya haɗa su. Tuddan kudu su ne rufin Jihar Kano, kogin Kano kuwa shi ne indararon da ke kwaso ruwan rufin. Ƙoramun da ke gangarowa daga wannan yanki su ke haɗuwa su zama kogin, ya ratsa dajin Falgore ya zuba a Tiga.

Gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, kuma lokacin da aka gina ta tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato duro biyar na lita 200. Daga Tiga ake sakin ruwan da ke bin magudanai zuwa dubban hektocin noman rani na Kadawa, a Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkama ke fitowa. Matatar ruwa ta Tamburawa, wadda ke ba birni ruwan famfo, ita ma daga wannan kogi take ɗiba. Daga nan ruwan ya haɗu da na kogin Calawa, ya wuce Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi. Mutanen can ƙasa suna da nasu ƙorafin a kan madatsu irin Tiga, domin sun sauya yadda ambaliyar shekara ke zuwa musu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa.

Shi kuwa dajin Falgore, Turawa ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya shiga ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A cikinsa akwai doka, maje, maɗaci, kirya, marke, kaɗanya da ɗorawa.

Aikin bishiya a nan shi ne rage wa ruwa gudu. Ganye ya tare ƙarfin ɗigon, saiwa ta riƙe ƙasa, ruwa ya samu lokacin nutsewa, sannan ya riƙa fitowa a hankali ta idanun ruwa har cikin rani. In aka sare daji, ko aka nome gangaren dutse aka ja kunya daga sama zuwa ƙasa, ruwa yakan kwaso da ƙarfi lokaci guda. Ya tafi da ƙasar sama mai albarka har da takin da manomi ya saya da bashi, ya buɗe kwazazzabo, ya kai lakar cikin Tiga. Duk lakar da ta kwanta a gindin madatsa ta cinye wurin ruwa ke nan. Asarar biyu ce: ta manomin Doguwa a bana, ta manomin Kura da mai famfo a birni nan gaba.

Masu cin dajin ba ɓoyayyu ba ne: saran itace, ƙona gawayi, faɗaɗa gonaki, gobarar daji da kiwon da ya wuce kima. Kuma a nan dole a faɗi gaskiya, yawancin buhunan gawayin da motoci ke kwasowa daga dazuzzukan kudu a murhun birni suke ƙarewa. Ba adalci ba ne a ɗora wa talakan ƙauye laifi shi kaɗai alhali kasuwar tana wajenmu.

Dajin ya kuma sha fama da matsalar tsaro. Wajen 2015 da 2016 ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun addabi masu bin hanyar da ƙauyukan kewaye, kuma Fulani makiyaya suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗa. Daga baya aka kafa sansanin horar da sojoji a dajin. Gwamnatin jiha ta kuma fara shirin tsugunar da makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Kiru. Duk da haka rikicin gona da kiwo ba zai kwanta ba muddin ana nome burtali da mashaya, domin saniya ba ta tashi sama.

Me za a iya yi?

Wasu abubuwan suna hannun manomi, kuma ba su cin kuɗi: a ja kunya a gicciye da gangare, a jera duwatsu a kan layi don su tare ƙasa, a bar bishiyoyi da ciyawa a bakin ƙorama, a daina ƙona karan gona, a bar tohon bishiyar da ya fito da kansa a tsakiyar gona ya girma. Wasu kuwa sai hukuma: hanyoyin da za su fitar da amfani daga ƙauyukan bayan dutse da damina, taki ya iso kafin shuka ba bayanta ba, malaman gona da za su kai ga manomi a gonarsa, rumbunan ajiya da bashi mai sauƙi don kada a tilasta masa sayarwa da kaka, da sa ido na gaske a kan masu haƙa. Yankin da ke nesa da gidan gwamnati yakan zama na ƙarshe a rabo, kuma Doguwa ce mafi nisa.

In kuna son zuwa fa?

Daga Agusta zuwa farkon Oktoba ne ƙasar ta fi kyau, duwatsu sun yi kore, kuma magangarar ruwa ta Zainabi tana zuba da ƙarfinta. Sai dai a lokacin ƙananan hanyoyi sun fi wuya, wasu sai da babur. In sayen hatsi ne ya kai ku, Nuwamba da Disamba ne lokacinsa. Ku ratsa dajin Falgore da rana, ku tambayi direbobin hanyar halin da ake ciki kafin ku tashi, ku riƙe rigar sanyi in da hunturu ne. In kun isa, ku fara gaida mai gari, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, domin akwai tsofaffin ramukan haƙa da ciyawa ta rufe bakinsu.